Kamara ta aljihu ko mai dogon hanci, wace ta fi dacewa da mu

Salamu alaikum jama'a. Yau maganar kamara zan yi don tambayar ta yi yawa, a fada ana yi min ita, a WhatsApp ana yi min ita, kuma kusan kullum iri ɗaya ce, mutum ya tara ƴan kuɗinshi ya gaji da zum ɗin salula da ke farfasa hoto da ka ɗan jawo abu, yana son kamara ta gaske mai kawo na nesa kusa amma ya rasa wace zai ɗauka, ƙaramar nan da ke shiga aljihu ko babbar nan mai dogon hanci da ake ce ma birij, wadda ta yi kama da ta ƴan jarida sai dai ita ba a cire mata gilashi a sa wani. Hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce, amma iri biyun duka na riƙe na yi yawo da su cikin ranar Yamai da ƙurar Tawa, kuma ra'ayina ba a ɓoye yake ba: in don abin nesa za ka sayi kamara a ƙasar nan, ka sayi babbar, kuma ka tabbata tana da tagar ido, wato ɗan wurin nan da ake kafa ido a leƙa. Dalilan ne zan faɗa, da kuma inda ƙaramar ta fi ta, don akwai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma mai shago ba zai gaya maka ba ko da ya sani, cikin su ɗaya ne. Mutum na ganin birij ɗin nan baƙa ƙatuwa sai ya ɗauka hotonta ya ninka na ƙaramar kyau, alhali sansa ɗin da ke ciki, ɗan farantin da haske ke sauka kanshi ya zama hoto, girmanshi ɗaya a yawancinsu, wanda ake rubutawa 1/2.3, wajen milimita 6 da kaɗan ne a tsawo 4 da rabi a faɗi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Shi ne cikin Canon SX740 ta aljihu, shi ne cikin Canon SX70 babba, shi ne cikin Panasonic TZ90 shi ne cikin FZ82, har Nikon P1000 da ta fi kilo guda nauyi shi ɗin dai ne. Kuma ba rowa ce ta sa kamfanoni yin haka ba, ƙanƙantar sansa ɗin ce ma ta sa zum ɗin ke iya yin tsawo haka, da babba ne da gilashin sai an ɗauko shi a mota. Saboda haka in ka ɗauki hoton ɗanka a tsakar gida da hantsi da iri biyun, ka tura cikin salula, wallahi da ƙyar za ka gane wanne ne na wacce. Bambancin ba a nan yake ba.

Sai maganar lambar zum, wadda ita ce ke ruɗa kowa. Wani ƙanena ɗan baffana ya aiko min hotunan kamarori uku da wani ya tura mishi daga waje, ya ce "Yaya, ai wadda aka rubuta 60 ta fi mai 50 ko, tunda lambarta ta fi yawa?" Na ce mishi ƙanena ba haka ake karanta ta ba. Lambar nan rabawa ce kawai aka yi, ƙarshen zum aka raba da farkonshi. Panasonic FZ82 daga milimita 20 take farawa ta ƙare a 1200, shi ya ba da 60. Sony HX400V daga 24 take farawa ta ƙare a 1200 ita ma, shi ya ba da 50. Kenan nisan da suke jawowa ɗaya ne sak, mai 60 ɗin faɗi kawai ta fi ɗauka in ka maida zum baya gaba ɗaya. To lambar ƙarshe ita za ka duba, ta milimita. Na aljihu yawanci a 720 suke tsayawa kamar TZ90 da Sony HX99, SX740 ta kai 960. Manyan kuma 1200, 1365 a SX70, 2000 a Nikon P900 da ta fito a 2015, 3000 a P1000 ta 2018. Kuma ka yi hattara da wata lamba ta biyu da ake mannawa a jikin kwali wadda ta ninka ta farko sau biyu ko huɗu, wannan zum ne na dijital, yanke hoton kawai kamara ke yi ta buɗa shi, irin abin da salularka ke yi da ka gudo daga gare shi.

Yanzu ga abin da ya raba su a wajena. Rana. Mu nan ba Turai ba ne, kamarorin nan an zana su ne a ƙasashen da rana ke da sauƙi, mu kuma daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar in ka ɗaga ƙaramar kamara ka kalli ekaran ɗin bayanta, fuskarka kawai kake gani da farin sama. Kana ƙoƙarin tare hasken da hannu ɗaya kana riƙe kamara da ɗayan, ga zum ka jawo har ƙarshe, abin da kake nema ya ɓace maka gaba ɗaya sai ka yi ta lalube. Na ga wannan da idona a Kure, inda raƙuman dawa suke, wajen kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso. Mun tsaya inda mai rakiya ya ce mu tsaya, wata uwa da ɗanta suna gindin wata itaciya mai ƙaya, ita ta miƙa wuya tana zaro ganye da harshen nan nata dogo mai duhu, tana naɗe reshe da shi ta zuge ganyen ta bar ƙayar, ɗan kuma ya laɓe bayan ƙafafunta kunnuwanshi kawai ke motsi. Ni na kafa ido a tagar kamara, gwiwar hannuna biyu manne da ƙirji, kamara jingine da goshi, ina ganin har gashin idonta da wasu ƙudaje da ke zagaya hancinta. Abokin tafiyata da ke tsaye kusa da ni yana da ƙarama mai zum ninki 40, wanda ya ishe shi har ya yi yawa don raƙumin dawa ba ƙaramar dabba ba ce, amma ya miƙe hannuwa gaba yana ƙyafta ido yana cewa "ina take ne, ban ganin komi", da muka koma mota muka duba rabin hotunan shi reshe ne da sama. Kamararshi ba ta da laifin komi, ekaran ne kawai rana ta kashe.

Dabbobin nan kuwa sun cancanci a ɗauke su da kyau, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma duka, a 1996 kusan 50 kawai suka rage, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji don a sake kafa wani garke can. Da damina suna kan tudun Kure, da rani su gangara wajen Dallol Boso.

Tagar ido ba don gani kaɗai take da amfani ba, don riƙo ma. In ka jawo zum zuwa 1000 ko fiye, ko numfashinka sai ya girgiza hoto, bugun zuciyarka ma kana ganin shi cikin gilashi. Duka kamarorin suna da abin hana rawa a ciki kuma yana taimakawa sosai, amma yana da iyaka. Babbar tana da mariƙi da hannun dama ke cikawa, hagu na tallafe hanci daga ƙasa, goshi na tokare baya, wuri uku kenan. Ƙaramar kuwa da yatsu huɗu kake riƙe da ita a iska nesa da jikinka, nauyinta wajen gram 300 ne ko ƙasa, ba ta da nauyin da zai zaunar da ita. Shi ya sa 960 na ƙarama a takarda ya yi kusa da 1200 na babba, amma a hannu ba su yi kusa ba ko kaɗan. Akwai ƙanana masu ƴar tagar ido, TZ90 na da ita a kusurwa, HX99 tata ɗagowa take in ka danna, ƙanana ne ƙwarai amma sun fi babu nesa ba kusa ba, in dai ta aljihun za ka saya to cikin irin waɗannan ka nema. Haka kuma akwai manya marasa ita, kamar Nikon B500, jiki na birij amma ekaran kaɗai, wannan ni ban ba kowa shawarar ta don yawon rana.

Amma fa kar wannan ya sa ka ruga ka ce sai P1000. Na san bidiyoyin nan da ke yawo, a jawo wata har ka ga ramukan da ke jikinshi, gaskiya ne tana yi kuma abin na da ban mamaki. Sai dai tsakaninka da abin da kake jawowa akwai iska, iskar mu kuma ba tsabtatacciya ba ce. Lokacin hunturu hazo ya rufe gari, ka tsaya bakin kogi ba ka ganin ɗaya gaɓar sosai, to zum 3000 hazon zai jawo maka, hoto ya fito fari fat ba launi. Lokacin zafi kuma, watan Afirilu da Mayu, ƙasa na tururi, kawalwalniya na rawa bisa gudro da bisa fako, duk abin da ya wuce ƴan ɗaruruwan mita zai fito a lanƙwashe kamar yana narkewa, ba kamarar da ke gyara wannan ko nawa ka saye ta. Ga nauyi, gram 1415, in ba ka da ƙafa uku da za ka ɗora ta ba za ka ji daɗin ƙarshen zum ɗin ba, kuma ƙofar haskenta na tsukewa zuwa f/8 a can ƙarshe, ma'ana sai da rana tsaka take aiki yadda ya kamata, daidai lokacin da iskar ta fi lalacewa. Ni a ganina 1200 ya ishi kusan kowa a nan. Dorina a wajen Ayoru ko Bubon daga cikin jirgin ruwa, masunta na jefa birgi da sassafe, gauraka da zalɓe da kirinjijiya a tafkin Tabalak in ka bi hanyar Agadas daga Tawa, duka 1200 na kawo su. Mai bin ƙananan tsuntsaye sosai shi ne zai ji amfanin 2000, shi ma da asuba kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Kokowa ma haka. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa lokacin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa tun 1975 kuma take zagaya jihohi, ya san ba ka zaɓen wurin zama, inda ka samu nan ne, sau da yawa can sama cikin rana da cunkoso. Daga can ɗan kokowa ɗan tsito ne a salula. Da birij kana ganin layun da ke ɗaure a damtsenshi, yashin da ya shafa a ƙirji, bakinshi na motsi yana kirari, cali-cali na can gefe suna abinsu, kuma da yake idonka na cikin taga kana bin su duk inda suka juya, in kaye ya zo sai ka danne maɓalli ta yi ta ɗauka a jere. Kaye kuwa ƙiftawar ido ne, irin su Issaka Issaka na Doso ba su ba ka lokacin neman su a ekaran. Abu guda, ka sa saurin ɗauka ya kai 1/1000 na sakan ko kusa, rana na nan isasshiya, in ba haka ba hannuwa da ƙafafu za su fito dishi-dishi. Manyan suna da ɗan faifai a sama da kake juyawa da babban yatsa ka canza wannan nan take, a wasu ƙananan sai ka shiga cikin meni ka yi ta nema.

To ina ƙaramar ta fi? Tana tare da kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Birij mai gram 600 sai da jaka ko igiya a wuya, in za ka hau kabu-kabu tana dukan ka a ƙirji, in za ka shiga Babbar Kasuwa ko Katako hankalinka na kanta, ranar da ba ka shirya ɗaukar hoto ba gida za ka bar ta, kuma na san mutanen da suka saya da ɗoki yanzu cikin kwaba take kwance shekara da shekaru ba a taɓa ta. Ƙaramar kuwa aljihun gaban riga ya ishe ta. Na biyu kuma, wanda a halin da ƙasa ke ciki yanzu dole a faɗe shi, babbar kamara na jawo ido. Kana ɗaga ta mutane sun ɗauka ɗan jarida ne, mata a kasuwa su juya baya, yara su taru, a shingen jami'an tsaro a tambaye ka me kake ɗauka kuma don wa. Kowace iri ka riƙe dai kar ka nufi barikin soja da ita, ko filin jirgi, ko gine-ginen gwamnati, gadoji ma ka kiyaye, kuma ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, zum mai tsawo ba lasisin leƙen mutane ba ne. Amma gaskiya ita ce mai ƙarama ya fi shiga cikin jama'a ba tare da an tsargu ba. In kai matafiyi ne, kullum kana cikin bas tsakanin Yamai da Ƙonni da Tawa, abin da kake so ka ɗauki abin da ka gani a hanya da ƴan uwa in ka isa, ƙaramar ta fi maka.

Wanda kuma zan ce ya tsaya ya sake tunani gaba ɗaya shi ne mai son kamara don biki da suna. Ɗaurin aure da safe a waje ba matsala, amma walima da dare ƙarƙashin rumfa da ƙwan fitila biyu, ko cikin ɗakin amarya, nan ƙaramin sansa ɗin nan ke kasawa, hoto ya fito da tsaki-tsaki, fuskoki su yi laushi kamar an shafe su, in ka kunna filashi na gaba su yi fari na baya su ɓace cikin duhu. Babba da ƙarama duka haka suke yi. Salula mai kyau ta yanzu ma ta fi su a nan, don ita hotuna da yawa take ɗauka a lokaci guda ta haɗa su. In dole sai kamara, akwai masu sansa da ake ce ma inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, faɗinshi ya ninka na waɗancan wajen sau huɗu. A manya akwai Panasonic FZ1000 ta 2014 da ke tsayawa a 400, da Sony RX10 IV da ke kai 600, a ƙanana akwai TZ100 da TZ200 da jerin RX100. Zum ɗinsu ya fi gajarta, kuɗinsu ya fi yawa, amma hoton ya fi tsabta ƙwarai, kuma in da za a ba ni zaɓi tsakanin FZ1000 da P1000 don amfanin yau da kullum FZ1000 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Akwai kuma FZ300 da nake ganin kamar don mu aka yi ta, sansa ƙarami ne, zum 600, amma ƙofar haskenta na nan buɗe a f/2.8 daga farko har ƙarshe kuma an toshe jikinta don ƙura da yayyafi.

Ƙura ita ce ke kashe kamara a ƙasar nan, ba faɗuwa ba. Ƙaramar duk lokacin da ka kunna ta hancinta na fitowa hawa-hawa, ka kashe ya koma, kowace fita da shiga iska yake zuƙa, in ka saka ta aljihu tsirara tare da yashi da zaren tufafi wata rana za ka kunna ka ji ƙirrr, hanci ya tsaya rabi, ekaran ya rubuta matsalar gilashi, kuma gyaran wannan sau da yawa ya kusa kuɗin wata. Ko kuma ƙurar ta sauka kan sansa, ka riƙa ganin ɗigo baƙi wuri guda a kowane hoton sama, ba yadda za ka goge tunda ba a buɗe ta. Babbar ma na shan ƙura amma gilashinta ya fi ƙarfi, tana da murfi, wasu ma ana ɗaura musu filta a gaba. Ko wace ka saya ka samo mata ƴar jaka mai zif, kar ka canza kati ko batiri cikin iska, kar ka goge gilashi da bakin rawani ko gefen riga, hura shi za ka fara yi sannan ƙyalle mai laushi, kuma kar ka bar ta cikin mota a rufe da rana.

Batiri kuma ka tambaya kafin ka biya. Wasu ana caja su da waya ta USB, ko da fawa-bank in an ɗauke kuran ko kana ƙauye, wasu sai da cajarsu ta musamman wadda in ta ɓace ka shiga uku. Akwai tsofaffin birij masu cin batiri huɗu irin na rediyo, waɗannan ko a wane tebur ka tsaya za ka samu, sai dai na arahar nan ba su jimawa ko kaɗan, masu caji za ka nema.

Yawancin abin da za ka samu yanzu na hannu ne, okaziyon, don kasuwar kamara ta rushe tun da salula ta zo, a 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kamarori sama da miliyan 120, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, sababbin samfura irin waɗannan sun yi ƙaranci. Saboda haka in ka je wajen mai sayarwa kar ka ji kunya, ka ce "Alhaji a sa mata batiri in gwada", in ya ƙi ka yi gaba. Ka jawo zum daga farko har ƙarshe sau da yawa kana saurare, ya tafi sumul ba ƙara ba tsayawa. Ka fita waje ka ɗauki sama ko farin bango da zum a ƙarshe, ka buɗa hoton ka nemi ɗigo. Ka haska tocilar salula cikin gilashi ka ga ko akwai ƙura ko zane a ciki. Ka leƙa tagar ido ka tabbata tana kunnuwa, akwai ɗan faifai kusa da ita da ake juyawa har rubutu ya fito ras daidai da idonka. Ka buɗe gidan batiri ka duba ko ya yi tsatsa ko batirin ya kumbura. Ka gwada wifi ɗinta da salularka nan take a shagon, don wasu tsofaffin manhajarsu ba ta tafiya da sababbin wayoyi, in ta ƙi ba komi, ɗan abin karanta kati da ake soka ma salula ya wadatar. Katin memwar kuma ka zo da naka wanda ka yarda da shi, na jabu sun cika kasuwa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinshi bai kai ba, sai ka dawo daga Tabalak ka tarar rabin hotunan ba su buɗuwa. In za ka tura ma mutane a WhatsApp kuma ka tura a matsayin dokima, in ka tura kai tsaye matse shi yake yi gashin idon raƙumar nan duk ya tafi.